Saba Mai Ƙwaƙwalwa Biyu: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Tun da aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi da 'yan bindigar dajin yankin, mutane suka fara samun sararin tunanin sana'o'in da tsoro ya hana. Cikinsu har da na kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka ɗalibin Kuyello ko Randagi yana bukatar wurin da zai saba hannu kafin ranar jarrabawar. Haka kuma watanni biyun da aka rufe layukan waya a ƙarshen 2021 sun nuna cewa bayanan da aka ajiye a intanet kaɗai kan gagari mai su ranar da ya fi bukata. Makaranta, asibiti ko cibiyar horo da ke son ajiye nata a gida sai ta mallaki saba, wato babbar kwamfutar da ƙanana ke jingina da ita.

Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, shi ya sa ake komawa ga ta hannu, irin su Dell PowerEdge da HP ProLiant da ake nema a titin Beirut na Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Yawancinsu suna da gurbin firosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, amma sau da yawa ɗaya ne a ciki, ɗayan gurbin an rufe shi da murfin roba. Wajen cike wannan gurbin ne ake tafka asara.

Firosesa biyu a allo ɗaya ba zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi suke yi ba. Kowanne yana da nasa ramukan RAM, kuma akwai hanya ta musamman da suke musayar bayanai a kanta, wadda Intel ya sa wa suna QPI, daga baya UPI. Manomi ya san ba a haɗa bijimi da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya a ce za a yi huɗa. Ka'idar ke nan a nan: su zama iri ɗaya, lamba ɗaya, gudu ɗaya. In aka saɓa, wani injin ya ƙi tashi sam, wani ya tsaya da gargaɗi a fuska.

Abu na farko, a karanta lambar da ke rubuce a kan murfin ƙarfen firosesan. A dangin Xeon E5 na Intel, adadin farko bayan E5 yana faɗin yawan firosesan da za su iya aiki tare. E5-1650 na zaman kaɗaici ne, ba shi da hanyar magana da abokin aiki, ko da ya zauna daram a gurbin. E5-2650 na biyu ne, E5-4650 kuma na huɗu. A wajen AMD, wanda ya fito da dangin EPYC a 2017, harafin P a ƙarshen lamba shi ne alamar: 7302P shi kaɗai yake aiki, 7302 kuma yana karɓar abokin tafiya.

Na biyu shi ne zamani. E5-2600 na farko ya fito a 2012, mai v2 a 2013, kuma dukansu suna hawa gurbin LGA 2011 da RAM irin DDR3. Mai v3 na 2014 da v4 na 2016 suna hawa LGA 2011-3 da DDR4. A ido gurabun biyu kamar an tsaga kara, amma tsagin gefensu ya bambanta. Wanda ya danna da ƙarfi zai lanƙwasa siraran alluran da ke cikin gurbin, sama da 2,000, kuma allon da alluransa suka lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Dell R720 da HP DL380p Gen8 na rukunin farko ne, R730 da DL380 Gen9 na biyu. Ko a rukuni ɗaya ba a cakuɗa v3 da v4. Sannan allon da ya fito da tsohon zamani yakan bukaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane sabon firosesa, kuma ana yin wannan ne tun tsohon yana ciki, ba bayan an cire shi an sayar ba.

Akwai kuma wata 'yar lamba mai haruffa biyar da ke farawa da S. Ita ke nuna bugun masana'anta. E5-2670 kaɗai yana da SR0H8 da SR0KX: suna ɗaya, bugu daban. Wasu allunan kan haƙura da bambancin, amma mai son kwanciyar hankali ya nemi wadda ta yi daidai da ta wanda ke cikin injinsa. Wanda lambarsa ta fara da Q, aka kuma rubuta masa Intel Confidential, samfurin gwaji ne da ba a yi shi don sayarwa ba. Arharsa na jan ido, amma araha ba ta ado.

Ga mutumin Birnin Gwari, maganar wuta ta fi duk waɗannan nauyi, domin a kan sola, batir da janareta aikin zai dogara. E5-2690 guda biyu, mai wat 135 kowanne, sun kama wat 270 in aiki ya yi nauyi, ban da fankoki da faya-fayan ajiya. E5-2650L guda biyu, mai wat 70 kowanne, 140 ne, kuma ƙwayoyin aikinsu takwas-takwas ne kamar na farkon, sai dai gudun bai kai ba. Ga ajiyar fayil da gwajin jarrabawa wannan ya wadatar. Abin da firosesa ya ci na wuta zafi yake zama, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe iska. Firosesa na biyu yana bukatar nasa ƙarfen sanyaya da sabon man shafawa, a wasu injinan HP har da ƙarin fanka. Kada a baro kasuwa babu su.

RAM ma raba ta ake yi daidai. R720 tana da ramuka 24, goma sha biyu ga kowane firosesa, kuma na gefen da babu firosesa ba sa aiki ko an cika su. Ba a haɗa RDIMM da LRDIMM a injin ɗaya. Manhaja ma tana da nata sharaɗin: Windows 10 Home firosesa ɗaya kawai yake gani, lasisin Windows Server kuma tun 2016 da yawan ƙwayoyin aiki ake lissafa shi, wato ƙarin firosesa na iya zama ƙarin kuɗi. Linux ba shi da wannan cajin.

Kafin duk wannan, mutum ya tambayi kansa ko yana bukatar na biyun ma. Sau da yawa firosesa ɗaya a gurbin farko, da isasshiyar RAM da faifan SSD, ya fi biyu da ke shan batir a banza. In kuwa aikin ya kai, to a tafi kasuwa da lambar injin da hoton firosesan da ke ciki. A sa mai shago ya ɗora duka biyun, ya kunna, a shiga BIOS a ga sunayensu da jimillar RAM, a bar injin ya yi aiki na ɗan lokaci a ji ko fankokin za su lafa. A rubuta lambobin a rasit tare da sharaɗin canji. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kaɗai ya haura kilomita 100, balle Kano ko Legas, kuma kuɗin motar komawa canji zai iya fin kuɗin firosesan. Duk abin da ba a gwada a gabanka ba, kada ka biya kuɗinsa.