Kifin Tuna a Kaskon Kaduna: Abin da Wuta Ke Gyarawa da Wanda Ya Fi Ƙarfinta

Tsakanin Kaduna da bakin teku akwai tafiyar sama da kilomita 700, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a soya kifin teku a Tudun Wada, Kawo, Malali ko Unguwar Rimi ba. Titus, shawa, kote da fanla sun zama 'yan gida. Daga tashar jiragen ruwa ake loda su cikin motoci masu sanyi zuwa ɗakunan ƙanƙara na gari, masu kifi su sari katan-katan, su baza a Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Bakin Dogo da kasuwar Kawo.

Shi kuwa tuna, yawancinmu a gwangwani muka san shi. Amma shirye-shiryen girki na talabijin da manyan gidajen abinci sun fito da shi a wata siffa ta daban: gunduwa mai kauri wadda aka babbake bayanta cikin minti biyu ko uku, aka bar cikinta ja jawur. Masu sha'awar girki kan so su gwada a gida. Dabarar tana da amfani ko da a kan kifin da muka saba ci, sai dai akwai sashenta da bai kamata a kwaikwaya ido rufe a garinmu ba.

Kifin da ba ya hutawa

Tuna kifin tsakiyar teku ne. Dare da rana iyo yake yi, domin sai yana tafiya ruwa ke ratsa kafofin numfashinsa. Wannan aiki ba tsayawa shi ya sa tsokarsa ke cike da mayoglobin, sinadarin da ke ajiye iskar oksijin a nama, wanda kuma shi ne ke ba naman sa jan launi. Ana kama shi da yawa a Mashigin Tekun Gini, kuma Tema ta ƙasar Gana da Abijan ta Kwaddibuwa sun yi suna wajen sauke shi da zuba shi a gwangwani. Saboda muhimmancinsa ga abinci da kasuwanci, a 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2 ga Mayu a matsayin ranar tuna ta duniya.

Abin da ya fi shafar mai cefane a Kaduna shi ne dangantaka: tuna da Titus 'yan gida ɗaya ne a wurin masana halittu. Haɗarin da ke tattare da ɗaya idan ya sha zafi yana tattare da ɗayan.

Me ke faruwa a cikin kasko?

A 1912 wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda sinadaran gina jiki da na sukari ke haɗuwa idan sun ji zafi, su haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi. Wannan shi ne bambancin tsire da dafaffen nama. Haɗuwar ba ta kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salsiyos. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai lema a jikin kifi, zafin bayansa ba zai wuce nan ba. Wanda ya tsamo kifi daga ruwan wanki ya jefa a kasko, turara shi yake yi ba suya ba. Kafin ruwan ya ƙone, cikin ya riga ya wuce dahuwa.

Ita tsokar kifi ba ta da jijiyoyi masu tauri irin na naman dabba, don haka ba ta buƙatar doguwar wuta. Tuna, musamman nau'in da ba shi da maiƙo sosai, da ya ɗan jima sai ya bushe ya koma ɓarɓashi a baki. Gajeren lokaci da wuta mai ƙarfi, iyakar sirrin ke nan.

A samu gunduwa mai kaurin santimita 2.5 zuwa 3. Idan daskararriya ce, a bar ta ta saki a cikin firji, ko a ƙulle ta a leda a tsoma cikin ruwan sanyi. Ba a shanya ta a rana, ba a zuba mata ruwan zafi. A tsane ta sarai da tsumma mai tsabta, a shafa mai kaɗan a jikinta, a barbaɗa gishiri da masoro. Mai so yana iya mulmula ta cikin riɗi. A ɗora kasko mai kauri ya yi zafi ƙwarai kafin kifi ya shiga. Tataccen man gyaɗa ya fi dacewa, domin manja da bota kan fara hayaƙi da wuri. Kada a cika kasko, don kifi da yawa kan kashe zafinsa. In an ajiye gunduwa a ƙyale ta, idan ta gasu da kanta za ta saki kasko. Yajin ƙuli da tafarnuwa suna saurin ƙonewa su yi ɗaci, saboda haka a bar su sai an sauke, tare da matsin lemon tsami.

Jan cikin nan fa?

Japanawa sun daɗe da wannan girki. A yankin Kochi suna babbake wani nau'in tuna a harshen wutar ciyawa, su yanka su ci cikin yana ɗanye. Amma kifin nasu daga jirgin ruwa zuwa faranti bai rabu da sanyi ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce kifi ya dahu ne idan tsakiyarsa ta kai digiri 63. Ga yawancin kifin da za a ci ɗanye kuma, ƙa'idarta ita ce a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na tsawon kwana 7 domin kashe tsutsotsi. Firizar gida ba kasafai take riƙe wannan sanyin ba, balle inda ake yawan ɗauke wuta. Kuma sanyi ba ya kashe bakteriya, kwantar da su kawai yake yi. Launi ma ba shaida ba ne, domin akwai kamfanonin da ke busa wa tuna wata iska da ke hana jansa dusashewa ko da ya kwana biyu, abin da Tarayyar Turai ta hana.

Saboda haka mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu fama da rashin lafiya, kada su kusanci kifin da bai dahu ba. Kifin kogi da na gona, wato tarwaɗa, ƙarfasa da giwan ruwa, ko daga kogin Kaduna aka kamo su ko daga tafkin Shiroro, babu wanda ya kamata ya ci su da saura, saboda tsutsotsi da ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan.

Gubar da tafasa ba ta kashewa

A nan ne dangantakar tuna da Titus ta zama abin lura. Naman waɗannan kifaye yana ɗauke da wani sinadari mai suna histidin da yawa. Da zarar kifi ya mutu aka bar shi a zafin da ya haura digiri 4, bakteriya kan fara mayar da histidin zuwa histamin. Histamin shi ne abin da jikin mutum ke fitarwa idan borin jini ya tashi. Idan ya taru a naman kifi, suya ba ta rusa shi, tafasa ba ta rusa shi, banda ba ta rusa shi, mayar da kifin firiza ma ba ya canza komai.

Alamomin kan bayyana cikin 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci: zafi da jan fuska, ƙaiƙayi da ƙuraje, ciwon kai, bugun zuciya, wani lokaci amai da gudawa. Wasu kan ji harshe na yi musu raɗaɗi tun suna ci, alhali ba a sa barkono da yawa ba. Da yawa daga masu cewa jininsu bai haɗu da kifin ƙanƙara ba, mai yiwuwa ɓataccen kifi suka taɓa ci. Idan mutum uku ko huɗu suka ci daga tukunya ɗaya duk suka kama ƙaiƙayi, kifin ne abin tuhuma. Yawanci abin kan lafa cikin 'yan awoyi, kuma magungunan borin jini suna taimakawa, amma wanda numfashinsa ya fara sarƙewa a garzaya da shi asibiti.

A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna kan haura digiri 35. Kifin da aka fasa katan ɗinsa da hantsi aka jera a tire, zuwa la'asar ya yi awoyi a yanayin da bakteriya suka fi so. Idan bai ƙare ba aka mayar da shi firiza, gobe zai fito da tauri kamar sabo. Abin tsoron kuma, histamin ba kullum yake zuwa da wari ba.

Abin da mai cefane zai iya yi

Aikin yana farawa ne tun a kasuwa. A je da safe, a zaɓi kifin da yake daskare tauri, ba wanda ya saki yana ɗigar jini ba. Kifin da ya lanƙwashe, ko aka ga dunƙulen ƙanƙara mai jini manne da shi, alama ce ta narkewa da sake daskarewa. Ba laifi ba ne a tambayi mai kifi, "Mama, yaushe aka fasa katan ɗin nan?" Kifi ya zama ƙarshen cefane, kuma daga kasuwa sai gida. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba har kayan firiza suka narke suka ɗumama, gara asarar kuɗi da ta lafiya.

A kasko kuma, a ɗauki rabin dabarar da ke da amfani. A babbake kowane gefe a wuta mai ƙarfi na kamar minti ɗaya da rabi, sannan a rage wuta a bar zafi ya ratsa ciki. Gunduwa mai kaurin santimita 2.5 ba ta wuce minti 8 zuwa 10 gaba ɗaya. Idan tsakiyar ta daina sheƙin ɗanye, naman kuma yana rabuwa fala-fala da an taɓa shi da cokali, ta yi. Giwan ruwa, da yake namansa na da kauri, yana karɓar wannan girki ƙwarai. Titus ma haka, don maiƙonsa kan hana shi bushewa. Wanda ya saba da soya kifi cikin mai tsundum har ya ƙandare zai tarar an rage mai, kifin kuma bai rasa ruwan jikinsa ba.

Sauran aikin ya fi ƙarfin uwargida. Ɗakunan sanyi masu tsayayyiyar wuta a kasuwanni, firiza mai aiki da hasken rana ga ƙananan masu kifi, da jami'an lafiya masu zagayawa da ma'aunin zafi, su ne za su sa a amince da kifin da ya yi doguwar tafiya. Kafin a kai ga haka, duk kifin da ba a san inda ya kwana ba, a dafa shi har ciki, wanda kuma ya riga ya sha rana a bar wa mai shi kayansa.