Ƙwallon lambu: Me ya sa ake jayayya kan shigar yara gasar manya?

A filin kokawa na Haɗeja, ko a garuruwan fadama irin su Auyo da Kirikasamma, babu wanda zai haɗa yaro ɗan shekara 13 da ƙato mai shekara 35. Kowa da sa'ansa yake karawa. Haka lamarin yake a dambe da ƙwallon ƙafa, domin ƙarfin jiki ne kan gaba. Wasan golf, wanda ake kira ƙwallon lambu, ya sha bamban. A cikinsa yaro zai iya shiga gasa ɗaya da darakta ko babban ɗan kasuwa, a kammala lissafi a ga yaron ne ya yi nasara, kuma ba tare da an karya wata doka ba.

Batun ya shafi Jihar Jigawa kai tsaye. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har zuwa rasuwarsa a watan Janairun 2023, ma'abocin wasan ne, kuma shi ya samar da filin Dutse Royal Golf Course. Akwai kuma tsofaffin kulob-kulob a Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Duk iyayen da ɗansu ya fara riƙe sanda a ɗaya daga cikin waɗannan filaye, wata rana za su fuskanci tambayar: shin za a bar shi ya shiga gasar da kulob ke shirya wa mambobinsa manya?

Yadda yaro ke iya doke babba

A wannan wasa, wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma a mafi yawan filaye ana sa ran ƙwararre ya kammala su da bugu 70 zuwa 72. Da yake 'yan wasa ba su zama ɗaya ba, sai aka ƙirƙiro tsarin rangwame, wanda ake kira handikaf. Kowane ɗan wasa yana da adadin bugun da ake yafe masa gwargwadon iyawarsa. Mai rauni yana samun rangwame mai yawa, gwani kuma kaɗan.

Ga misali. Wani ma'aikacin gwamnati mai rangwamen 10 ya kammala da bugu 84, aka cire masa 10, ya tashi da 74. Wani yaro mai rangwamen 24 ya kammala da bugu 95, aka cire masa 24, ya tashi da 71. A zahiri babban ya fi shi iyawa da tazarar bugu 11, amma a takardar gasa yaron ne a gaba da bugu uku.

Tun daga 2020, hukumomi biyu da ke kula da dokokin wasan, wato R&A da ke St Andrews a Scotland da USGA ta Amurka, suka fito da tsarin rangwame guda ɗaya ga duniya baki ɗaya. Ana duba sakamako 20 na baya-bayan nan da ɗan wasa ya miƙa, a ɗauki takwas mafiya kyau a fitar da matsakaicinsu. Rangwame mafi girma shi ne 54, kuma sabon ɗan wasa yana samun nasa bayan ya miƙa sakamakon ramuka 54. Tsarin bai sanya ƙa'idar shekaru ba. Kwamitin kowace gasa ne yake da ikon fayyace wanda zai shiga.

Inda gizo ke saƙar

Ƙorafin manya na farko shi ne saurin ci gaban yara. Mutum mai shekara 50 yakan daɗe a mataki ɗaya. Yaro kuwa, idan ya samu dogon hutun makaranta yana atisaye kullum, yana kuma ƙara tsayi da ƙarfi, zai iya zarce rangwamensa cikin makonni kaɗan. Sai ya shigo gasa da rangwamen da ya dace da shi watanni uku da suka wuce, ya yi wa manya fintinkau. Wannan ƙorafi yana da tushe. Sai dai tsarin na 2020 ya tanadi magani: idan ɗan wasa ya zarce matakinsa da bugu bakwai ko fiye a wasa ɗaya, ana ƙara rage masa bugu ɗaya, idan tazarar ta kai goma a rage biyu. Maganin yana aiki ne kawai idan ana miƙa kowane sakamako a kan lokaci. Saboda haka nauyin yana wuyan kwamitin kulob, ba yaron ba.

Na biyu shi ne lokaci. 'Yan kasuwa da ma'aikata ba su da sarari sai ƙarshen mako, kuma a Arewa zafin rana kan sa kowa ya nemi fita da sassafe ko da yamma. Su ne kuma ke biyan kuɗin mamba mai tsoka, don haka wasu kan ga bai dace yaro ya tare musu guri ba.

Na uku shi ne ɗa'a da sanin doka. Wasan ba shi da alƙali mai bin kowa da usur. Abokin wasa ne ke rubuta wa ɗan'uwansa sakamako, su biyun su sa hannu. Dokoki sun ba da minti uku kacal na neman ƙwallon da ta ɓata, sun kuma shawarci ɗan wasa da kada ya wuce daƙiƙa 40 kafin ya yi bugu. Ƙuruciya ba ta zama uzuri: a gasar Masters ta 2013, an ci tarar Guan Tianlang na ƙasar Sin, ɗan shekara 14, bugu ɗaya saboda jan ƙafa, amma duk da haka ya tsallake zuwa zagayen ƙarshen mako. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi, domin kunya da girmama na gaba za su iya hana yaro ya ce wa dattijo: "Baba, bugu shida ka yi, ba biyar ba." Shi ya sa ya fi dacewa a sanya yaro cikin rukunin da ke da aƙalla manya biyu amintattu, abin da ke kare shi daga matsin lamba da duk wani nau'in cutarwa.

Batun kyauta

Dokokin 'yan wasan sha'awa da suka fara aiki a 2022 sun ƙayyade darajar kyauta a kan Dalar Amurka 1,000 a gasa ɗaya, kuma sun hana karɓar tsabar kuɗi a gasar da ake amfani da rangwame. Wanda ya karɓi abin da ya wuce ƙa'ida ya rasa matsayinsa na ɗan wasan sha'awa, lamarin da zai iya rufe masa ƙofar gasar matasa. Lokacin da Lydia Ko ta New Zealand ta lashe gasar mata ta Kanada a 2012 tana da shekara 15, kofi kawai ta ɗauka, Dala 300,000 kuma aka ba wadda ta zo ta biyu, Inbee Park. Ya kamata iyaye su san wannan kafin ɗansu ya miƙa hannu.

Abin da ake asara idan aka rufe ƙofa

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Tiger Woods yana da shekara 16 ya fara buga gasar ƙwararru ta Amurka a 1992. Rory McIlroy ma yana da shekara 16 ya yi bugu 61 a filin Royal Portrush a 2005. A gida Najeriya, Georgia Oboh ta samu gurbi a jerin gasannin ƙwararrun mata na Turai a ƙarshen 2018 tana da shekara 17. Irin wannan mataki ba ya samuwa sai da gogayya da waɗanda suka fi mutum.

A Najeriya batun yana da wata fuska. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan sun fara ne da ɗaukar wa mambobi jakar sanduna, 'ya'yan talakawa ne da suka koyi wasan da ido. Tarihi ya nuna abin da irinsu za su iya: a 1913, Francis Ouimet, tsohon mai ɗaukar jaka ɗan shekara 20, ya doke fitattun 'yan wasan Birtaniya Harry Vardon da Ted Ray ya lashe gasar US Open, kuma yaro ɗan shekara goma ne ya ɗaukar masa jaka. A wurin da yara masu wasan ba su da yawan da za a shirya musu gasa tasu a kai a kai, gasar manya ce kaɗai makarantar da ta rage. Idan aka hana su, yaron da ya taso daga Haɗeja ko Kafin Hausa zuwa Dutse zai ƙare a ɗaukar jaka, komai baiwarsa.

Hanyoyin sasantawa

Kulob-kulob a ƙasashe daban-daban sun bi hanyoyi da dama. Wasu kan ƙayyade rangwamen da yaro zai kai kafin a ba shi izinin shiga. Wasu kan bukaci ya miƙa wani adadi na sakamako a watannin baya-bayan nan. Wasu kan bar shi ya yi wasa amma a ware wa matasa kyautarsu, yayin da gasar zakaran kulob, wadda ba a amfani da rangwame a cikinta, take a buɗe ga duk wanda ya isa. Wasu kuma kan ware wa yara lokacin fita na musamman don kada su shiga haƙƙin masu hanzari.

Kowace hanya aka zaɓa, abin da ke hana rigima shi ne a rubuta sharuɗɗan a liƙa su kafin a fara wasa. Dokar da aka ƙirƙiro bayan yaro ya ci kofi ba ta gyara komai, illa ta kore shi da 'yan'uwansa daga filin. Mamba mai biyan kuɗi yana da haƙƙin a kare masa adalcin gasa. Kulob ɗin da ke son ya ga mambobi nan da shekara ashirin kuma, dole ya samar wa yaran yau gurbi a jerin masu fita ranar Asabar.