Murhu Kafin Hunturu: Shirin da Ya Kamaci Kowane Gida a Gure

Da zarar an gama yankan gero, iska ta juyo daga arewa maso gabas, mutanen Gure sun san hunturu ya kawo kai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wutar da a da ake hurawa don tuwo da shayi sai ta ƙaru da wasu hidimomi: ɗumama ruwan wanka da na alwala, da jin ɗumi da asuba. Buƙatar itace ta hau, amalanken jakuna su riƙa nisan tafiya kafin su cika.

A wannan gari na jihar Damagaram, kan hanyar Difa, itace ba ƙaramin abu ba ne. Tuddan yashi na matsowa kan kwaruruka inda ake noman dabino da kayan lambu, ake kuma haƙar kanwa. Shirin PLECO ya yi shekaru yana kafe yashi a yankunan Gure da Maine-Sorowa, ana kakkafa shinge ana dasa itatuwa. Duk bishiyar da aka sare don girki, katanga ce aka rushe tsakanin rairayi da gona. Tun taron Maraɗi na 1984 kan gurgusowar hamada hukumomin Nijar ke jan hankali a kan wannan, kuma kowace 3 ga Agusta ana bikin dashen itace. Amma dashe ba ya isa matuƙar murhu na cin abin da ya fi ƙarfin daji.

Murhun duwatsu uku da muka gāda yana da sauƙi, sai dai mafi yawan zafinsa a iska yake tafiya. Harshen wuta na fita ta ko'ina, hunturu na kaɗa shi, tukunya ta samu ɗan kaɗan. Hikimar murhu mai tsimin itace ita ce killace wutar: bango ya tare iska, ya tilasta wa zafi ya bi jikin tukunya kafin ya fita. A kan wannan aka ƙera murhun ƙarfe na Mai Sauƙi, wanda maƙeran Nijar ke bugawa tun shekarun 1980.

Wadda ba ta da kuɗin na ƙarfe, za ta iya gina na laka da hannunta. A kwaɓa yumɓu da kashin jaki da yankakkiyar ciyawa, a rufe shi wasu kwanaki ya jiƙu sosai. A jera duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita, a gina bango kewaye da ita har kusa da wuya. Tsakanin tukunya da bango a bar rata kamar kaurin yatsa. Idan ta yi faɗi, zafi ya tsere. Idan ta matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya turnuƙe. Sannan a yanka ƙofar sa itace. Kowace tukunya da murhunta. A bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda, a toshe tsaga da laka, a fara da 'yar ƙaramar wuta. Tun ran gini, ran zane: yanzu ne lokacin aikin, ba ranar da sanyi ya hana taɓa ruwa ba.

Wurin da za a kafa shi ma abin lura ne. A nisanta shi da zana, da rumbu, da tarin kara, domin tartsatsi ɗaya a iskar hunturu ya isa ya cinye unguwa. A zaɓi inda hayaƙi zai samu mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Itacen ma a faskara shi, a shanya tun da wuri, don ɗanye yana ɓata zafinsa wajen ƙone ruwan jikinsa, ya cika madafa da hayaƙi.

Haɗari mafi muni shi ne kaskon gawayi a ɗaki rufe. Garwashi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mai barci ya wuce bai farka ba. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. Da an ji su, a buɗe ƙofa, a fita da kowa waje, a nufi asibiti. A ɗumama ɗaki taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Gas da matatar mai ta SORAZ ke samarwa tun 2011 ya sauƙaƙa wa wasu gidaje, amma har gobe tuwon yawancin mutanen karkara a kan itace yake nuna. Saboda haka maigida ya kawo laka, uwargida ta auna tukunya, yara su ɗebo ruwa. Damin itacen da murhu ya rage a bana, bishiya ce da za ta ci gaba da riƙe yashi a bakin kwari.