Tsara Fitilun Cikin Silin a Ofisoshin Sabo ta Ibadan

IBADAN. Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916 a zamanin cinikin goro da shanu, ta shahara a yau da harkar canjin kuɗi. Galibin ofisoshinta ƙanana ne, wasunsu ba su da taga, saboda haka fitila ba ta mutuwa a cikinsu daga safe zuwa dare.

Abubuwa biyu suka sa lissafin wuta ya zama dole ga ɗan kasuwa: janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya tsananta kuɗin tayar da janareta, da ƙarin da hukumar NERC ta yi a watan Afrilun 2024, inda kilowat ɗaya na awa guda ya kai Naira 225 ga masu amfani da wuta na rukunin A. Wannan ne ya ƙara jawo hankali ga fitilun LED da ake binnewa a cikin silin.

Ana auna hasken fitila da lumen, wat kuwa ma'aunin wutar da take ci ne kawai. Ƙa'idar Turai ta tanadi lumen 500 a kan kowane murabba'in mita na teburin karatu da rubutu. Ofishi mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 yana bukatar lumen 10,000 ke nan, amma da yake bango da ƙura suna cinye kusan sulusin hasken, sai a tanadi 15,000. Fitilu 12 masu wat 15, kowace tana ba da lumen 1,250, sun wadatar. Jimillarsu wat 180. In da tsofaffin ƙwayaye masu wat 100 ne, sai an kashe wat 1,200. A aikin awa 10 kullum har kwana 26, bisa wancan farashi, fitilun LED za su ci kimanin Naira 10,500 a wata, tsofaffin kuwa su haura Naira 70,000.

Wurin da aka huda silin ya fi yawan fitilun muhimmanci, domin ramin da aka yanka a filasta ba ya komawa. A jera su layi uku, huɗu-huɗu, tazarar da ke tsakanin bango da layin farko ta zama rabin wadda ke tsakanin fitila da fitila. Kamata ya yi a tsayar da wurin teburi kafin magini ya ɗauki zarto: fitilar da ta faɗo bayan mai ƙirga kuɗi, inuwarsa za ta jefa a kan takardun da yake dubawa. Haka kuma kada a sa ta a saman fukafukan fanka, don hasken zai riƙa walƙiya yana gajiyar da ido. Fari mai matsakaicin launi, wanda ake rubuta 4000K a kwalinsa, ya fi dacewa da tantance takardun kuɗi.

Abin da ke saurin lalacewa shi ne ɗan akwatin da ke daidaita wa fitilar wuta. Zafin da ke taruwa ƙarƙashin kwano da ƙarfin wutar kamfanin IBEDC lokacin da ta dawo su ne ajalinsa, don haka a zaɓi irin wanda ake iya cirewa a sauya shi kaɗai. A kuma raba layukan a kan makunni daban-daban, yadda idan aka koma kan batir za a iya kashe biyu a bar wanda ke saman teburi.