Inda Lomar Tuwo Take Bi, da Abin da Gudawa Ke Ɓatawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya riga ya ga rabin abin da za mu faɗa. Ga tumbi, ga hanta, ga hanji a naɗe kamar igiyar guga. Irin kayan nan ne a cikinmu, sai dai tumbin saniya ɗaki huɗu ne, gama ciyawa take ci tana tuƙa. Namu ɗaki ɗaya ne.

Bari mu bi lomar tuwo. Aiki yakan fara tun daga baki. Haƙora su niƙa, miyau kuma ya soma juya garin hatsi ya zama sukari. Daga nan loma ta gangara tumbi, inda wani ruwa mai tsananin tsami ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, ya kuma fara narkar da nama da wake. Bayan awa 2 zuwa 4 ta zama kamar kunu.

Mutane da yawa suna tsammani a tumbi ake gama kome. Ba haka ba ne. Babban aikin yana ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai wajen mita 6. Nan ruwan ɗacin da hanta ke yi yake zubowa daga matsarmama, wato 'yar jakar nan da mahauci ke kaffa-kaffa kada ta fashe a kan nama. Shi ke farfasa mai, ko na gyaɗa ko na riɗin da ake nomawa a Gagarawa. Bangon hanjin kuwa cike yake da ƙananan tsiro kamar gashin bargo, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini.

Ga abin da muke so iyaye su riƙe. Kowace rana wajen lita 8 zuwa 9 na ruwa ke shiga hanjin babban mutum. Kaɗan ne daga ciki muka sha, sauran jiki ne ya zubo domin narkar da abinci. Ƙaramin hanji yakan maida mafi yawa cikin jini, babban hanji ya tsotse saura, abin da ke fita da bayan gida bai cika kofi ɗaya ba. To, in ƙwayar cuta ta shiga, ta hanyar ruwan kududdufi da damina, ko furar da ƙuda ya sauka a kai, sai aikin nan ya juye. Ruwan da ya kamata ya koma jini ya yi ta zuba waje. Wannan ita ce gudawa. Ƙaramin yaro ba shi da ruwan ajiya mai yawa, kwana ɗaya ya isa ya galabaitar da shi.

Har yanzu akwai gidajen da ake hana mai gudawa ruwa, wai don cikin ya tsaya. Wannan kuskure ne mai kisa. Masana sun gano cewa ko hanji yana ciwo, in gishiri da sukari suka zo tare, yakan karɓe su, ruwa kuma ya bi bayansu. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya ba 'yan gudun hijira masu amai da gudawa wannan haɗi a sansaninsu a Indiya. Masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Saboda haka, uwargida, ki ajiye ƙunshin ORS a ɗaki tun yaro yana lafiya. Ƙunshi ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsabta, a ba shi kaɗan kaɗan da cokali, ko da yana amai. Kada a ƙara gishiri da ka. A ci gaba da ba shi mama da kunu, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. In idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a bayan gida, kada a jira gari ya waye. Ko daga ƙauyen Sule Tankarkar ne, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel, ana ba shi ruwan a hanya.