Motar da Ke Tafasa a Tsakiyar Hunturu

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin rani ke nuna a fadamun Danja, mai mota ya fi mai gona samun barci, muddin motar na da lafiya. Tumatir ba masara ba ne da za a zuba a rumbu a jira farashi. In aka tsinke shi, to sai tafiya: ko kasuwar Danja inda dillalai ke haɗa lodin manyan motoci masu gangarawa Kudu, ko Funtua ta Bakori, ko Zariya ta Hunkuyi. Kwandon da ya yi kwana biyu a rana ya tashi daga kayan gwari, sai dai a yanka a shanya. Motar da ta fi shan wannan wahala a yankinmu kuwa ita ce J5.

Kamfanin Peugeot na Faransa da Fiat na Italiya ne suka haɗa hannu suka fito da ita a 1981, ana ƙera ta a masana'antar Sevel da ke Italiya. Jiki ɗaya ne ake sa wa suna daban-daban: J5, Fiat Ducato, Citroën C25. A 1994 Boxer ta gaje ta, don haka duk J5 ɗin da ta fito daga can ta haura shekara 30. Abin da ya sa ta zauna da gindinta a Arewa shi ne injinta na fetur ɗan gida ɗaya ne da na 504, motar da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da ita. Kowane bakanike ya san cikinsa. Sai dai a 504 injin a miƙe yake, fanbel ne ke juya fanka. A J5 kuwa a gicciye aka kwantar da shi, ƙafafun gaba ke ja, fankar lagireto kuma da wutar batir take aiki.

Kawuna yana da ɗaya, fara, wadda ta ciyar da gidansa shekaru masu yawa. Injinta ƙarami ne, mai cc 1796, kuma ya gaji: yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, in an cika ta da kwanduna sai an yi ta roƙonta da giya ɗaya kafin ta fito daga fadama. Da kaka ta yi kyau, Kawu ya sayar da masara da waken suya, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano tare da bakanikensa, suka sayo inji ɗan Beljiyam mai cc 1971. Aka ɗora. Mota ta tashi da bugu ɗaya, ƙara mai daɗi, ba hayaƙi.

Lodin farko aka ɗauko daga wata gona a wajen Dabai. Kafin su hau kwalta allurar zafi ta kai ja, tururi ya turnuƙe bonet. Wannan fa da sanyin safiya ne, ana tsakiyar hunturu, har 'yan lodi na taruwa a gaban motar suna miƙa hannu suna jin ɗumi kafin a gama ɗaure kwanduna. Direba ya jira ta huce, ya ƙara ruwa, ya ci gaba. Sun isa kasuwa bayan manyan motoci sun cika, aka sayi kayan yadda aka ga dama.

Nan take hukunci ya fito a tasha: injin ya fi ƙarfin motar. Wasu suka ce an cuci Kawu a Kano, an ba shi injin da ya riga ya ƙone. Wasu suka ce hannu aka sa, tunda kowa ya ga yadda ya samu a kakar bana. Kawu bai ɗauki ta ƙarshen ba, amma ta farkon ta shige shi.

Bakaniken ya fara da abin da ya fi ban tsoro, wato gasket. Kan wannan inji na alminiyam ne, in ya sha zafi yakan lanƙwashe, ruwa ya haɗu da mai. Ya zaro sandar awon mai: baƙin mai garau, bai yi fari ba. Ya buɗe tankin ruwa da inji a kunne, babu kumfa. Ya kwance fulogi huɗu, duk kalarsu ɗaya, salansa kuma ba ta fitar da farin hayaƙi. Masu kayan Ƙofar Ruwa sun fita daga zargi.

Sai tamostat. Wannan wani ɗan bawul ne da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe ya bar shi ya zaga lagireto. In ya maƙale a rufe, mota za ta tafasa. Amma tun ranar ɗora injin an cire shi an jefa cikin akwatin kayan aiki, kamar yadda yawancin kanikawanmu ke yi da hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Ba na tare da su a kan wannan, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinyewa. Ko ma dai mene ne, abin da ba ya jikin mota ba shi ya hana ruwa zagayawa ba.

Aka koma kan lagireto, kuma nan ne kuɗi suka fara fita. Mai lagireto a Funtua ya buɗe shi, ya zuzzura kowane layi, ya fitar da laka da tsatsa, domin shekara da shekaru ruwan rijiya ake zuba masa. Aka sake marfi, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne: ruwa a buɗe yana tafasa a wajen digiri 100, amma marfi mai lafiya yana riƙe matsi har ruwan ya kusa 120 bai tafasa ba. An samu sauƙi kaɗan, mota ta ƙara 'yar tafiya kafin allura ta hau, amma ta hau. Kawu ya ciji yatsa ya sayi babban lagireto. Aka duba famfon ruwa, aka ɗaure fanbel, aka gyara taimin. Ta sake tafasa, wannan karon da kwandunan mutane a kai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kowace tafiyar banza rami ce a aljihun mai mota.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne motar ba ta nuna halinta a gaban bakanike. A gareji an bar ta a kunne tun bayan Azahar har La'asar, allura ba ta motsa ba. An fita da ita ba kaya a titin Funtua zuwa Zariya, direba ya taka ta sosai har Giwa, lafiya lau. Sai an yi lodi an kama hanya sannan ta yi nata.

Kawu ya yanke shawarar a sauke injin a mayar da tsohon. Bakaniken ya roƙe shi ya bari a kira ubangidansa, wani dattijo a Malumfashi da ya tsufa a kan Fijo, wanda yanzu ido ya yi rauni, sai dai ya zauna a benci yara na aiki.

Dattijon bai ce a buɗe bonet ba. Ya sa aka kira direba ya zaunar da shi.

"Ɗana, a ina take tafasa? Ba ranar nake tambaya ba, wurin."

"Baba, a burji ne. Daga gona zuwa bakin titi. Ko kuma in mun shiga gari ana tafiya a hankali."

"In ka hau kwalta ka samu gudu fa?"

"Sai ta riƙa sauka da kanta."

"A tsaye?"

"Ko ta wuni ba ruwanta."

Ya juya wajen Kawu. "Alhaji, tsakanin tsohon injinka da sabon, faɗin silinda ne kawai ya ƙaru, daga milimita 84 zuwa 88. Girman bai ƙaru da kashi 10 cikin 100 ba. Kamfanin da kansa ya sa wannan injin a cikin irin wannan jikin. Ga shi ka sa lagireton da ya fi na da. Ruwa na zagayawa, wurin shan iska ya ƙaru. Saura mu tambayi iskar."

Ya tambaya me kuma aka taɓa ranar ɗora inji. Sai a lokacin bakaniken ya tuna cewa tsohuwar fankar ta mutu, an sayo ta wata mota an ɗaura. Soket ɗinta bai shiga ba, mai wayarin ya yanke shi ya haɗa wayoyi biyu da salatif, kuma ya yi mata dairek, wato da an murɗa makulli take juyawa, ba ta jiran makunnin da ke tada ita in ruwa ya yi zafi. Ba wanda ya zarge ta, domin kowa na jin ƙararta tun daga nesa.

Dattijon ya sa hannu ya shafa fuskar sabon lagireton ta waje, ya ji ta sumul. Ya zura hannu ta wajen inji, sai ga ƙaiƙayin dawa da ƙura sun manne a bayansa. Motar da ke yawo a gonaki, ta gaba ya kamata ta kwashi ƙaiƙayi. Sai yaron mota ya ce ai shi ya sa 'yan lodi ke son motar Alhaji, ita kaɗai ce ke hura ɗumi ta gaba da asuba.

"Ɗauko mini leda," in ji dattijon.

Aka tada mota, ya kara ledar a ragar gaba ya saki. Fanka mai aiki daidai za ta zuƙe ta ta manne da raga. Wannan sai ta yi sama ta faɗi can gefe.

Ƙaramin injin lantarki irin na fankar mota, in aka juya masa wayoyi biyun, baya zai riƙa juyawa, kuma ƙararsa ba za ta canza ba. Tun ranar farko fankar tana kwaso iska daga wajen inji tana turo ta waje. A tsaye inji ba ya aikin ƙarfi, zafinsa kaɗan ne, ko iskar da ta biyo ta baya ta ishe shi. A guje kan kwalta iskar hanya ta fi ƙarfin fankar, ta danne ta ta wuce. Amma a burji, da lodi, a giya ɗaya ko biyu, inji na ƙona mai da yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin kuma ruwa ne ke ɗauke shi. A daidai wannan tafiyar iskar hanya da ta fanka suke yin kunnen doki, kamar rago biyu da suka haɗa goshi ba mai matsawa. Lagireto na nan cike da ruwa, amma kusan babu iskar da ke ratsa shi, girmansa bai amfana komai ba.

Ban ga laifin masu cewa injin ne ba, domin shi ne babban abin da aka gani ana saukewa ana ɗorawa. Abin da ke ci mini rai shi ne dairek ɗin nan. Da an bar makunnin zafi a wurinsa, fankar ba za ta tashi ba sai ruwa ya ɗau zafi, kuma direba zai lura cewa tashinta ba ya sauko da allura. Da aka sa ta juyawa ba tsayawa, sai aka rufe wannan ƙofar ta gane matsala, aka kuma ɗora wa batir da ita kanta fankar aikin da ba su da buƙatarsa.

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Aka kwance salatif, aka musanya wayoyin, aka haɗa su da kyau. Leda ta manne da raga. Dattijon ya sa aka sayo makunnin zafi da rile aka mayar, aka tono tamostat daga akwati, ya jefa shi a ruwan zafi ya ga ya buɗe, aka mayar da shi mazauninsa.

Kawu ya miƙa hannu zai karɓi makulli, dattijon ya ce tukuna.

"Alhaji, yanzu za ta ja, kuma na san za ku ƙara mata kwanduna. Birkin nan na tsohon lodi ne. A kwance ƙafafun."

Aka kwance. Takalman birkin baya sun cinye har ƙarfe ya fara cin ganga, tiyon man birki guda na gaba ya tsattsage. Kawu ya yi ƙorafin kuɗi, amma ya biya. Ranar kasuwar da ta biyo baya motar ta ɗauko lodi daga gonar nan ta wajen Dabai, ta bi burjin a giya biyu, allura na tsaye a tsakiya, ta isa Danja tun dillalai ba su gama cika motar farko ba.