Kafin mai faci ya ɗaura maka tayar Beljiyam, karanta gefenta

Taya ta fashe maka, kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin aljihu, sai ka nufi wurin masu tayar Beljiyam. Mai shago ya duba lamba ya ce 205/55 R16 ce, daidai da taka, ga zane kamar ba a taɓa hawa ba. Shi ke nan, a ɗaura. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: don wane yanayi aka yi wannan tayar?

A Turai da Amurka, inda yawancin tayoyin gwanjon nan suke fitowa, taya iri uku ce. Akwai ta lokacin zafi, akwai ta sanyi da dusar ƙanƙara, akwai kuma ta tsaka-tsaki da ake ce wa ta kowane yanayi. Bambancin yana cikin haɗin robar da kuma zanen. Ta zafi tana kama kwalta sosai, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, sai dai idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 robarta ta fara taurara. Mu nan, ko hunturun Jos ba kasafai yake kaiwa can ba. Ta kowane yanayi kuwa an rage mata ƙarfin kamu a zafi don ta iya jure sanyi, saboda haka a kwaltar Sakkwato cikin watan Afrilu birkinta ba ya kai na ta zafi.

To ka ga inda matsalar take. Idan hagu ta zafi ce dama ta kowane yanayi, ranar da akuya ta faɗo maka titi ka danne birki, ɓangare ɗaya zai kama fiye da ɗaya, mota ta fizge gefe. Na'urar ABS tana taimakawa, amma ba ta iya ƙara wa roba kamun da ba ta da shi. Wannan haɗin kam kar ma ka fara: biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya ma haka.

Idan dole ta sa ka haɗa bibbiyu fa? Nan ne yawancinmu muke yin kuskure. Za ka ji ana cewa a sa masu kyau a gaba, tunda can sitiyari da inji suke. Kamfanonin taya akasin haka suke faɗa: masu ƙarfin kamu su koma baya, ko da Corolla ce ko Golf da gaba ke jan su. Dalili? In gaba ta zame a kwana, za ka ji a hannunka, ka saki totur, mota ta dawo hanya. In baya ce ta zame, musamman a ruwan farko na damina da kwalta ke santsi, kafin ka ankara ta juya da kai ta fuskanci inda ka fito. Mai mota da ƙafa huɗu ke ja, irin su Subaru, shi ba shi da ma zaɓi, huɗun su zama iri ɗaya, in ba haka ba giya ce za ta ji a jikinta.

Gane su ba wuya. Tsuguna ka duba gefen tayar. In ka ga M+S, yawanci ta kowane yanayi ce ko ta sanyi. Hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki yana nufin an gwada ta a dusar ƙanƙara. In ga shi kuma zanen cike yake da ƙananan tsaga-tsaga, bar musu abinsu, a zafinmu cinyewa take da wuri. Ta zafi ba ta da ko ɗaya daga cikin alamun nan.

Kafin ka miƙe, nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kamfanin Michelin ya ce in taya ta kai shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safaya.